Takardar da Ta Ƙi Daudawar Kaka

Ina so in faɗa tun daga farko cewa ban riƙe komai daidai ba. Abin ya ɗan jima, kuma kwanakin da ya faru hankalina ba a kwance yake ba, don haka mai yiwuwa na haɗa ranar Talata da ta Alhamis, ko na sa maganar wani a bakin wani. Abin da na tabbata da shi kaɗan ne. A ƙarshen damina ne, a gidanmu na Gure, kuma ni na jawo shi.

Na dawo daga Yamai a lokacin, na gama darussan jami'a, saura in rubuta kundin kammalawa. Ilimin sinadarai na karanta. Malamin da ke duba aikina ya ba ni wani ƙaramin gwangwani, ya ce in je da shi gida in gwada a kan nama da kifin da mutane ke saye a kasuwa, inda babu firigo kuma kuran, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. A cikin gwangwanin akwai ƴan siraran takardu farare, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, an nannaɗe su cikin baƙar leda ninki biyu. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada haske ya taɓa su kafin lokacin gwaji, kuma nama da kifi kawai aka yi su dominsu. Na rubuta duka biyun a littafina, har na ja musu layi.

Kakata ta wajen uba tana zaune tare da mu, a ɗakin da ke kusa da madafa. Ita ke yin daudawar gurguzu, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, tun kafin a haifi babana. Ba zan ce ta fi ta kowa a duk ƙasar ba, don ban ɗanɗana ta kowa ba, amma ranar kasuwa mata daga Kelle da Bune sukan biyo ta ƙofar gidanmu kafin su nufi tasha. In ana hidima a gidan limamin unguwarmu, ba a tambayar daudawar wa za a sa a miya. Tsakanina da ita kuwa wasan jika da kaka ne tun ina rarrafe. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "maigida", ni kuma in ce mata "amarya".

Ranar da na iso, ta dubi jakata ta dube ni, ta ce, "Maigida, shekara nawa kana yawon boko, ka dawo mini da gwangwani ɗaya? Ko madara ce?"

"Amarya, abin da ke ciki ya fi madara tsada."

"To buɗe in gani."

"Ba a buɗewa a rana."

"Af! Kayan sata ne ke nan."

Sai na zauna a bakin tabarmarta na yi mata bayani iya iyawata, kuma zan maimaita shi a nan don mai karatu ya bi ni. A jikin duk wani abu mai rai akwai wasu sinadarai da muke kira anzim, su ne ke hanzarta aiki, kamar abin da ke cikin yawu yana narkar da tuwo tun yana baki. Masana sun ƙera wani gari mai laushin da ido ba ya iya ganin ƙwayarsa ɗaya, wanda ba shi da rai amma yana kwaikwayon aikin anzim. Irin wanda aka shafa wa takarduna barci yake yi, ba ya motsi sai an haska shi. Da zarar haske ya sauka a kansa, sai ya farka ya mai da takardar shuɗiya. Amma in aka ɗiga mata ruwan naman da ya fara lalacewa, abubuwan da ruɓa ke fitarwa sai su riƙe wa garin hannu, ya kasa aiki, takardar ta tsaya fara yadda take. Shuɗi, lafiya. Fari, a yi hattara.

Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na gane. Ma'aikacin gwamnati ne. Sai an haska shi yake aiki."

Makwabciyarmu tana wurin, ta shigo aron rariya. Matar majon asibiti ce, wato babban ma'aikacin jinya, an kawo su aiki daga yamma shekaru kaɗan kafin nan. Mace ce mai fara'a da kyauta, sai dai magana ba ta kwana a bakinta. Ta ce, "Kaka, da mijina kike, ko?" Aka yi dariya. Daga nan ta nace sai ta ga gwajin da idonta.

Bayan kwana uku, da hantsi, na yi musu a zaure, inda akwai inuwa. Dabarar da na samo ita ce in ɗiga ruwan abincin a kan takarda, in kunna tocilar wayata, in kife su duka biyun da ƙwarya, in ƙirga sittin, in ɗaga. Naman da Inna, mahaifiyata, ta aika aka sayo da safe ya ba da shuɗi mai kyau kamar na baban rini. Wani guntun kifi da na ɓoye a bayan ɗaki kwana uku, wanda ya sa Inna ta yi ta neman mataccen ɓera, ya bar takardar fara fat. Mata suka yi salati. Ban ɓoye ba, na ji daɗi, har ina jin na ɗan gyara zama.

Sai matar majo ta ce, "To a gwada daudawa mana."

A nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma layin da na ja a littafina yana nan. Abin da na ce shi ne, "To, gaskiya ba don ita aka yi ba, kodayake ba zan ce ba za a iya ba, sai dai ban san abin da za ta nuna ba."

Kaka ta ce, "Maigida, ka cika tsoro. Ɗauko, a gwada. Daudawata ba ta jin kunyar takarda."

Na jiƙa ɗan guntu a ruwa, na ɗiga, na kife, na ƙirga. Da na ɗaga ƙwaryar, takardar tana nan fara, ta ma fi ta kifin fari in ido bai yaudare ni ba. Matar majo ta ruga gida ta ɗauko tata, don ita ma takan yi kaɗan na gidanta. Tata ta ba da shuɗi, ba mai ƙarfi ba, amma shuɗi ne.

Ta ce, "Ɗan boko, faɗa mana. Ta Kaka ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba?"

Na tuna amsar da na bayar kusan kalma da kalma, don na yi ta maimaita ta a raina daga baya. Na ce, "A wata fuskar ana iya cewa haka, in aka dubi ma'anar kalmar a ilimance, amma akwai buƙatar a ƙara bincike kafin a yanke hukunci." A labo, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, irin wannan amsa ce ke sa malami ya gyaɗa kai. A zaurenmu kuwa, duk abin da aka ji shi ne "ana iya cewa haka".

Ban ce matar majo ta yaɗa labarin da mugun nufi ba. Ina jin ta ba da shi ne a matsayin abin mamaki, a wurin injin niƙa. Amma kafin la'asar ya kai bakin kasuwa, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wasu suka ce na'urar Turawa ta gano tsutsa. Wata ta ce ta ji jikan da kansa ya daina cin miyar gidan, alhali a daidai lokacin ina kan kwano na biyu. Ranar kasuwa matan Kelle suka zo kamar kullum, suka gaisa, suka shinshina, suka ce sai wani mako. Mutane ne da suka yi shekaru suna sayen abin nan saboda warinsa, yanzu kuma warin ne ya zama shaida a kansa. Kwana biyu bayan haka uwargidan liman ta aiko cewa daudawar sunan jikarta da za a yi mako mai zuwa, a ɗan dakata tukuna.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Da safe na je gaishe ta na ce, "Amarya, an tashi lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

Malam. Tun da aka haife ni ban taɓa jin kalma mai ladabi ta yi mini nauyi haka ba. Da rana ta sa aka fito da babbar tukunyar da take dafa gurguzu, ta wanke ta da kanta, ta kife ta a gindin bango. Ta ce wa Inna buhun gurguzun da ya rage a ba masu awaki. Ta ce ta tsufa, dama tana neman dalilin hutawa, ga shi Allah ya kawo ta hannun masu ilimi. Inna ba ta ba da buhun ba, ta tura shi ƙarƙashin gadonta, amma ta dube ni irin duban da ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Na kira malamina. Na yi masa bayani a tsanake, na fara da neman afuwa kan layin da na ja kuma na tsallake. Ya yi dariya har na zaci layin waya ne ya lalace. Da ya dawo cikin hayyacinsa ya ce, "Yaya ake yin daudawar?" Na ce ana dafa gurguzu ya yi laushi, a rufe shi a ajiye wuri mai ɗumi kwanaki, a daka da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a cura a shanya. Ya ce, "To me ke faruwa a kwanakin da take rufe?" Nan take na gane. Abin da ke faruwa da kifi bisa tsautsayi, danginsa ne Kaka ke sa gurguzu ya yi da gangan, da ƙa'ida, da sanin ranar da za a tsayar da shi. Abubuwan da ke riƙe wa garin nan hannu suna fitowa a duka biyun. Takardar ba ta san niyya ba.

Na ce, "To in ce musu tana da lafiya?"

Ya ce, "Takardar ba ta ce tana da lafiya ba, ba ta kuma ce ba ta da shi ba. Ba aikinta ba ne. Abin da ta nuna shi ne daudawar ta nuna sosai. Kai tun yaushe kake cin ta?"

"Tun da aka yaye ni."

"To je ka gyara abin da ka ɓata, kuma don Allah ka yi gajeriyar jimla."

Na tsara yadda zan yi. Zan tara matan, in gwada dafaffen gurguzu da bai kwana ba, in gwada daudawa iri-iri, kowa ya ga cewa farin takarda a kan daudawa ba alamar ɓaci ba ne. Ina da takardu da yawa, har na yi niyyar maimaita kowane gwaji sau uku yadda aka koya mana. Na roƙi Inna ta dafa mini gurguzu kofi ɗaya daga buhun ƙarƙashin gado, na kuma roƙe ta ta gayyato matan ranar Alhamis bayan la'asar.

Ranar Laraba da asuba aka yi ruwa, ina jin shi ne na ƙarshe a shekarar. Rufin tol, wato kwano, na ɗakina yana yoyo a kusurwa ɗaya, daidai inda nake ajiye kaya. Na fita da sassafe zuwa wurin mahauta don karɓo samfurin nama, ban lura ba. Inna kuwa ta lura. Mace ce da ba ta yarda da danshi ba. A wurinta duk abin da ruwa ya taɓa, ko ya yi niyyar taɓawa, maganinsa rana: kuɓewa, barkono, katifa, takardun haihuwa. Da na dawo wajen azahar, na tarar da tsakar gida cike da shanya. Ga littattafaina a buɗe, ga takalmana, ga kuma babban faifai a kan rufin akurkin kaji, an jera ƴan takarduna a kai ɗaya bayan ɗaya, da tsari mai kyau, har an danne kowace da ɗan tsakuwa kada iska ta ɗauka. Dukansu sun yi shuɗi, shuɗin da ban taɓa samun irinsa a labo ba.

Na tsaya ina kallo. Inna ta fito tana goge hannu ta ce, "Ka gode Allah na gani da wuri, ledar har ta yi gumi. Kuma ka ga, duka sun ce lafiya lau."

Ban iya yi mata faɗa ba. Na gaya wa Kaka ba a buɗewa a rana, na gaya wa matar majo, amma da na bi lissafin a raina sai na ga ban taɓa gaya wa Inna ba, ita da ke share ɗakin. Na shiga na zauna a bakin gado. Can na tuna da ɗan ƙunshin da nake sakawa a aljihun rigata in zan je kasuwa. Na buɗe shi a ƙarƙashin bargo. Uku suka rage. Ba maimaici, ba kuskure, kuma in ɗaya ta ƙi aiki saboda zafin aljihu, shi ke nan.

Ranar Alhamis zauren ya cika fiye da yadda na so. Uwargidan liman ta zo da kanta, ta zauna a kujerar da aka ba ta, tana jan carbi. Matar majo ta zo da daudawarta a ɗan kwano. Kaka ta ce ba za ta fito ba, ba ta da abin gani, amma ta zauna a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ta juya mana rabin baya tana tsinke zogale.

Na fara da dafaffen gurguzun Inna. Na zagaya da shi kowa ta shinshina. Na ɗiga, na kife, na ƙirga. Shuɗi sosai. Na ce, "Takarda ta ce wannan lafiya lau. Wa za ta sa shi a miya?"

Wata tsohuwa ta ce, "Wannan ai abincin akuya ne."

Na biyu ta matar majo. Shuɗi mai haske, kamar zanen da ya sha wanki. Na ce mata, "Yaya, kwana nawa kike rufe ta?"

Ta fashe da dariya ta ce, "Biyu. Majo ne ba ya son warin, wai yana bin shi har asibiti, marasa lafiya suna tambaya."

Tsohuwar ta ce, "Shi ya sa miyarki take kamar ana ba ta haƙuri."

Matar majo ta ce, "Iya, ke da kike cin kwano biyu in kin zo!"

Na uku ta Kaka. Na ƙirga sittin, na ƙara goma don tsoro. Da na ɗaga ƙwaryar, fara ce fat. Na ɗaga ta sama kowa ya gani. Uwargidan liman ta tsayar da carbinta ta ce, "To, ɗana, mun gani. Me ke nan?"

Na buɗe baki, kuma wallahi abin da ya fara fitowa shi ne, "In aka yi la'akari da cewa samfurin uku ne kawai, kuma ba a maimaita ba, ana iya..."

Daga bakin ƙofa, ba tare da ta juyo ba, Kaka ta ce, "Malam. Magana ɗaya."

Na haɗiye sauran. Na ce, "Takardar nan ta nama ce, ba ta san daudawa ba. Ni na yi kuskure. Ta Kaka ba ta ɓaci ba, ta fi sauran nuna ne."

Jimla uku ke nan, na sani, amma a wurina gajeru ne ƙwarai. Ina kuma jin na ƙara da "cikin waɗanda na gwada" a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ni da lamirina.

Matar majo ce ta fara magana. Ta ce, "Ashe tawa ce ɗanya! Kaka, ki yafe mini, bakina ne." Ta kuma ɗauki alkawarin mai da labarin wurin injin niƙa da kanta, kuma na shaida ta cika, har ta ƙara masa gishiri ta wancan ɓangaren: kafin sati ya zagayo ana cewa daudawar Kaka ta kashe na'urar Turawa. Na yi ƙoƙarin gyara wannan ma, Inna ta ce in rufa wa kaina asiri in yi shiru.

Uwargidan liman ta miƙe, ta je bakin ƙofa ta ce, "Yaya, sunan nan fa saura kwana biyar. Za ta samu?"

Kaka ta ci gaba da tsinke zogalenta. Ta ce, "Wadda ke ƙasa za ta ishe ku. Sabuwa kuwa, tukunya a kife take, gurguzu kuma awaki sun cinye."

Inna ta ce, "Yana ƙarƙashin gadona."

"Na sani. Ina jin ɓeraye suna murna."

Bayan mutane sun watse, ina tattara ƙwaryata da takardun nan uku, sai na ji ta ce, "Maigida." Na yi kamar ban ji ba, don ina so ta sake faɗa. "Maigida, da kai nake, kurman banza. Zo ka ɗaga mini tukunyar nan. Shekara biyar aka yi ana koya maka abin da ƙuda ya sani tun daga bakin ƙofa."

Na ce, "Amarya, ƙuda ba shi da difilom."

"Shi ya sa ba ya ɓata wa mutane sana'a."

Na ɗaga tukunyar, na ɗebo ruwa, na kuma hura wutar, don ta ce hukuncina ke nan. Malamina ya sake aiko mini da wasu takardun ta motar Damagaram, na yi aikin nama da kifi yadda aka ce tun farko, kuma wannan karon na rubuta a jikin gwangwanin da manyan baƙaƙe cewa kada a shanya. A cikin kundina akwai sakin layi ɗaya da ke gargaɗin kada a yi amfani da takardar a kan abincin da ake ruɓarwa da gangan. Masu jarrabawa sun yaba masa, suka tambaye ni yadda na gano. Na ce bisa wasu abubuwa da na lura da su a fagen aiki.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Inna ta riga ta ce ba a kan akurkin kaji ta yi shanyar ba, a kan turmi ne, kuma wai na taɓa ce mata takardun suna son haske, abin da ba zan iya rantsuwa ban faɗa ba. Matar majo ta ce shuɗin tata ya fi yadda na kwatanta ƙarfi. Duk wanda ya kasance a zauren nan, ranar farko ko ta Alhamis, ya ga na karkace ko na tsallake wani abu, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun Inna, zan sa shi yadda ya zo. Kaka kaɗai na cire daga wannan roƙo, don an karanta mata, ta ce gyaranta ɗaya ne: ba ta taɓa yin fushi ba, hutawa kawai ta yi.